Shidan Ɗan Wasa Na Biyu

A mako na uku ne malamin kwamfuta ya fara zargin matar da ke zama a kujerar ƙarshe.

Tela ce, ta girmi kowa a ajin, yara na ce mata Anti. Da yatsa ɗaya take buga rubutu, allura na maƙale a bakin mayafinta. Da ya koya musu yin maɓalli, nata ya fi na kowa girma. Da aka zo zanen da'ira da murabba'i, sauran suka yi ta zana mota da gida, ita kuwa ta zana allon ludo mai 'yan wasa biyu, ja da kore.

Ranar da ya koyar da yadda kwamfuta ke zaɓo lamba da ka, daga ɗaya zuwa shida, ta ɗaga hannu.

"Malam, yaya zan yi koren ya riƙa samun shida fiye da jan?"

Aji ya kwashe da dariya, ban da malamin. Bara wani ɗalibinsa ya haɗa wasan caca na maguɗi da abin da ya koya a nan, aka yi ta kai ruwa rana, saura ƙiris a rufe makarantar.

"Wannan ai cuta ce, Anti."

"Na sani," in ji ta.

Ya ƙi nuna mata. Ita kuma ba ta sake tambaya ba, sai ta riƙa zuwa kafin kowa, tana gogewa tana sakewa. Wata safiya ya leƙa ta bayanta, ya ga ta gano hanyar da kanta. Har da ƙari: da zarar koren ya jefa, wani rubutu zai fito a gefen allo, "Kai, kalli can!" Kafin ido ya dawo, uku ta koma shida.

Ransa ya ɓaci. Da aka tashi ya tsayar da ita, ya ce ko ta goge wasan ko ta bar ajin. Ba zai yarda a sake cutar bayin Allah da iliminsa ba.

Ta danna maɓallin. Rubutun ya fito, ta juya ta kalli taga da gaske kamar an nuna mata wani abu, sannan ta dawo da ido kan shidan. Ta yi murmushi, hawaye na gangarowa gefen hancinta.

"Wa kike shirin cuta da wannan?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ce jan, Malam." Ta share fuska da bakin mayafi. "Haka autana yake yi mini kullum, ina yi kamar ban gani ba. Tun da muka binne shi, duk wanda na zauna wasa da shi gaskiya yake yi mini."