Zube Goma Sha Uku a Kan Robar Yaji

Ku 'ya'yan yanzu, da kun iya latsa kwamfuta sai ku ɗauka har halittar Allah ma jiran gyaranku take yi. Ba ku tambaya, ba ku sallama, sai dai a ga aiki ya fito. To ku buɗe kunne.

An yi wani saurayi mai koyon zane a makarantar gaba da sakandare. Shekarar da zai gama, malaminsu ya ce kowa ya nemi mai ƙaramar sana'a ya zana masa tambari da takardar liƙawa a kaya, wannan ita ce jarrabawar. Shi bai sha wahalar nema ba. Kakarsa Bagobira ce, shekara talatin tana sayar da yajin daddawa a bakin tasha, direbobi har daga nesa suke aikowa, ba su ma san sunanta ba, sai dai su ce a sayo musu na mai zube. Yaron kuwa, a faɗi gaskiya, yana da hannu. Ya zaɓi ja irin na barkono, ya zana turmi da taɓarya, ya yi rubutu manya-manya yadda ko mai ciwon ido zai hango daga cikin mota. Ya ɗauki hoton tsohuwa ya sa a tsakiya. Da ya tsaya nan, da an sha guɗa. Sai ya zauna yana kallon fuskar, zuciyarsa ta ce masa abokan karatu za su yi dariya. Ya shiga kwamfuta ya share tamoji. Ya ƙara mata haske. Ya cike giɓin haƙori. Daga nan ya bi zuben kumatunta, shida a nan bakwai a can, ya goge su tas. Aka buga, aka liƙa a robobi ɗari uku, aka rarraba wa masu tebur a tasha, yaro kuwa yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba.

Kwana biyu ko roba ɗaya ba a saya ba. Direba ya ɗauka, ya juya, ya ajiye, ya ce jabu ne, wata yarinya ce ke son cin kasuwar tsohuwarsu. Aka kwaso kayan aka zube wa kaka a tsakar gida. Ta ɗaga ɗaya ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Maigida," ta ce wa jikan, don haka take tsokanarsa, "'yar gidan wa ce wannan ka ɗora mini a kan yaji?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ke ce mana, Kaka. Ɗan gyara na yi miki. Bari in koma in sake bugawa."

"Ba inda za ka koma. Da hannu wanzami ya yi mini zuben nan ina tsala ihu, da hannu za ka mayar."

Washegari ta shimfiɗa masa tabarma a bakin tasha, ta miƙa masa biro. Ya tanƙwashe ƙafa yana jan layi ɗaya bayan ɗaya a kumatun hoton kowace roba, shida a nan bakwai a can. Direbobi da 'yan kamasho suka kewaye shi suna ƙirgawa da ƙarfi kamar masu awon hatsi. In ya yi kuskure su ɗauki sowa: "Saura ɗaya, malam mai kwamfuta!" Tsohuwa na gefe tana dariya har giɓin nan ya fito fili, duk wanda ya zo ta nuna masa kumatunta ta nuna robar, ta ce ya gwada ya gani. Kafin biro ya bushe an saye. Har malamin nasu ya ji labari ya zo da sauran ɗalibai, ya sayi roba biyu, ya ce aikin ya ci, amma ba a tashi daga tabarma sai an gama.

Kwana uku ya yi a wurin. Yatsunsa suka kumbura, ƙurar barkono ta sa shi atishawa har idonsa ya yi jawur, kuma har yau in ya ratsa tashar nan ba mai kiran sunansa na yanka, sai Saura Ɗaya. Shi ya sa masu iya magana suka ce garin neman gira a rasa ido.