Kantar Fartanya

A faɗi gaskiya, mutumin ba jarumi ba ne. Wata uku yana ɓoye hannunsa a aljihu, tun ranar da ya ɗauki garwashi bai ji zafi ba. Ya san yadda ake yi wa kuturu a garinsu Wanke: a ware masa akushi, a kafa masa bukka a bayan gari, a daina ba shi hannu a masallaci.

"Rufe ido, Baba," in ji malamin asibiti a Gusau. "Ka ji allura?"

"Ka soka ne?"

"Har sau uku."

Malamin ya latsa fatar hannun mai kauri, sai ya fashe da dariya.

"Haba, Baba! Kanta ce, aikin ƙotar fartanya. Duk manomi haka yake. Jiƙa da ruwan ɗumi, ka goge da dutse, ka shafa man kaɗe. Na gaba!"

Mutumin ya yi godiya har da durƙusawa, ya fita.

Rabonsa da riƙe fartanya tun kafin yaƙin basasa, shekara tara ke nan.