Sunan da Bashira Ta Kasa Kira

Hanyar gandun dajin ba ta da wuya: ta bi bakin kogi, ta zagayo ƙofar shiga. Tun a farkonta Ndatsu, ma'aikacin gandun, ya tambayi Bashira ko ya turo magabatansa gidan iyayenta a Kontagora. Ita dai birai ta yi ta kallo, shi kuwa ya ci gaba da tafiya riƙe da gorar ruwanta.

A ƙofa yayarta Ruka ta ce, "Ina gorar ruwanki?"

"Tana hannun…" Bashira ta tsaya. Shekara biyu tana kiran sunansa gatsal. Ta ja mayafi ta rufe baki. "Tana hannun Malam."

Ruka ta dube shi tana murmushi. "Tunda aka fara kunyar sunanka, Malam, ai sai ka turo."