Tsohuwa da Abin Bango

Bari in ba ka misalin wata tsohuwa da ta je birni yi wa 'yarta wankan jego. Tun ranar da ta sauka idonta ya faɗa kan wani farin abu manne a bangon ɗakin, kamar murfin kwano, da 'yar taga mai nuna sifili. Ita kuwa irin matan nan ce da ko tururuwa ta gani da kaya sai ta so jin inda za ta kai shi. Mijin 'yar ne ya kafa abin, ga kunyar surukuta, ba dama ta tare shi da tambaya. Sai ta mai da 'yarta 'yar aike: a tambayo mata, me abin nan yake ƙirgawa? Aka ce gubar da gawayi da janareta ke fitarwa yake shinshinawa, wadda ba a ganinta, ba a jin warinta. Tsohuwa ta taɓe baki. Ita da ta yi jegonta duka a kan kaskon wuta? Ai kowa ya san in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, magana ta ƙare. Duk da haka bakinta bai mutu ba. Rannan abin ya yi ɗan ƙara sau ɗaya ya yi shiru, ta sake aikawa. Aka ce batir ne ya yi sanyi, aka canza. To, kukan gaske fa, yaya yake? Aka ce huɗu-huɗu yake zuwa a jere, lambar kuma tana hawa. Har 'yar ta gaji ta ce, "Inna, wai jarrabawa za ki rubuta ne?"

Wata rana da hantsi, kafin suna, ruwa ya tsuge. Tsohuwa ta rufe taga, ta tura kasko ƙarƙashin gado, garwashi jajir, babu alamar hayaƙi. Can mai jego ta ce kanta na sarawa, ta kwanta da jaririn. Inna ta ce gajiyar haihuwa ce. Amma ido ya saba, ta waiga bango. Sifili ya tafi, wata lamba ta zauna a gurbinsa, jim kaɗan ta ƙaru. Tana tsaye tana al'ajabin me yake gani da ita ba ta gani, sai abin ya tsala kuka. Maƙwabciya da ta shigo barka ta ce, "Cire masa batir, Inna, kar ya tashi yaron." Tsohuwa ta ƙirga da yatsu, ta ji huɗu, ya tsaya, ya sake huɗu. Ta banka ƙofa, ta sunkuci jikan, ta janyo uwar tana tangaɗi har tsakar gida, ruwa na dukansu. A asibiti likita ya ce da barcin nan ya ƙara nisa, da ba taron suna za a yi a gidan ba.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.