Umma a Gaban Kyamara

An ture kujerun falon zuwa bango, an toshe taga ɗaya da bargo saboda rana, wayoyin fitila sun bi ƙasa ko'ina. Auta na tsaye bayan kyamara tana kallon mahaifiyarta a ɗan ƙaramin allon. Ba ta jin komai sai nauyin idanunta.

Karo na biyu ke nan tana yin kwas ɗin shirya fim. Bara malamin ya mayar mata da aikinta, ya ce hoto ya yi kyau amma babu rai a ciki. Bana sai ta rubuta gajeren labari: mace tana ninke wanki, waya ta yi ƙara, aka shaida mata mijinta ya rasu a hanya. Ta yi ta gyaran rubutun har kalmomin suka daina taɓa ta. Ta zana kowane hoto a takarda, ta yi ta sintiri kafin a ba ta aron kyamarar sashensu, wadda dole a mayar kafin a rufe ofis da yamma. Ana gobe ɗauka, yarinyar da za ta fito a matsayin matar ta turo saƙo cewa ba za ta samu zuwa ba.

Umma ce ta ce in dai ninke kaya ne da amsa waya, ai aikinta ne tun kafin a haifi Auta. Abba kuwa, da sassafe yana ɗaura takalmi zai fita da motar kamfani, ya ga an kwaso rigunansa an jibge a kwando. Ya yi dariya ya ce shi bai samu shiga fim ba amma rigunansa sun samu, a tabbata an rubuta sunansu a ƙarshe.

Abokan aikinta biyu ne daga ajinsu. Akwai mai kyamara, wanda ba ya son yawan magana, sai wani da ake kira Sarkin Latti. Aikinsa shi ne ya tsaya can ƙofar gida, inda makirfo ba zai kama muryarsa ba, ya kira wayar Umma ya karanta mata kalaman ma'aikacin asibiti.

Tun hantsi ake abu ɗaya. Da farko Umma na jin Sarkin Latti ya kumbura murya sai dariya ta ƙwace mata. Da aka shawo kan dariyar, ta koma ɗora hannu a ka tana zubewa ƙasa da kururuwa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Wata ɗaukar ta fara kyau, injin wutar gidan baya ya tashi ya ɓata ta. Auta ba ta yi fushi ba. Fushin ma sai da ƙarfi ake yin sa. Cewa kawai take a sake, a mayar da rigunan kwando.

Rana ta karkata. Mai kyamara ya ce batirin da ya rage bai fi na ɗauka ɗaya ba.

Auta ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta roƙe ta kada ta yi ƙoƙarin komai a wannan karon, ta saurara kawai. Umma ta shafa kanta, ta ce Allah ya sa a dace, ƙafafunta ma sun yi tsami.

Aka kunna. Umma ta ɗauki riga ta fara ninkewa. Ba ta kai ga ta biyu ba wayar ta yi ƙara. Auta ta ce a ranta, yau ɗaya Sarkin Latti ya yi sammako, shi ma a inda ba a so. Ba ta tsayar da ɗaukar ba.

"Eh, ni ce matarsa," in ji Umma, daidai yadda aka rubuta.

Sai ta kasa kunne. Sauraren ya wuce yadda aka tsara. Ta tambayi wane asibiti ne, abin da babu shi a rubutu. Ta ƙara saurarawa, ta ce to, ta yi salati can ƙasan maƙoshi, ta ajiye wayar a kan cinyarta.

Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki rigar da ta riga ta ninke, ta warware ta, ta daidaita wuyan da tafin hannu, ta sake ninkewa. Ta ƙara warwarewa. Idanunta na kan bango, inda babu komai. Mai kyamara ya waiwayo yana jiran umarni, Auta ta ɗaga masa hannu ya ci gaba. Tsigar jikinta ta tashi, karo na farko tun da ta fara wannan aiki. Ga rai ɗin da malamin yake nema.

Sai da jar fitilar batiri ta fara ƙiftawa ta ce a yanke. Mai kyamara ya sauke numfashi, ya ce ko a manyan finafinai bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Kin samu abin da kike so?" Umma ta tambaya, ba ta dube ta ba.

"Na samu, Umma. Wannan shi ne."

"To madalla. Ɗauko min mayafina da takalmi, ki kira yayanki."

Auta ta miƙe ke nan aka ɗaga labulen ƙofa. Sarkin Latti ya shigo yana share gumi, wayarsa a hannu, takardar kalamansa a ɗayan.

"Darakta, ki yi haƙuri fa. Tun ɗazu nake kira ana ce min tana kan wani layin. In sake gwadawa?"