Sharaɗin Hedimasta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, aka fara wannan cin mutunci, kuma a gidan rediyo aka fara shi. Hedimasta yana zaune a falo yana ɗaure ƙafar tabarausa da zare, sai ya ji mai gabatarwa ta tambayi Gwani abin da ya hana sabon fim ɗinsa fitowa.

Gwani shi ne daraktan nan da idan ya ɗauki hoton rufaffiyar ƙofa har shayi ya huce, masoyansa sai su fito daga sinima suna share hawaye. An daɗe ana jiran wannan fim. Ya yi gyaran murya ya ce fage ɗaya tak ya rage, kuma jarumar ce matsalar: taurin kai gare ta, ba ta jin magana, da gani ba ta samu tarbiyya a gida ba. Ya ƙara da cewa irinta, in ya ga dama, gobe ya shiga kasuwa ya samo goma.

Hedimasta ya kashe rediyo. Jarumar da ake magana a kanta Autarsa ce.

Shi ya raine ta tun ranar da uwarta ta mutu wajen haihuwarta. Shi ya riƙa ba ta madara a kwalba, har matarsa takan ce 'ya'yan cikinsa ma ba su ga irin wannan gata ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane ladabi, yau shi ake cewa gidansa babu tarbiyya, a kafar da har tsofaffin ɗalibansa ke sauraro.

Bai nemi fim ɗin nan ba. Gwani ne ya hango ta a ƙofar gida tana kallon titi, ya tsayar da mota, ya ce idanun nan yake nema tun da ya fara sana'a. Bai ba ta ko kalma ɗaya ta faɗa ba. Tsayuwa ce kawai, da kallo, da tafiya a hankali zuwa taga.

Washegari Hedimasta ya sa kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya tafi tsohon siton da ake ɗaukar fim, ya ratsa wayoyi da fitilu bai gaida kowa ba, ya tasa Auta a gaba suka dawo gida.

Gari ya ɗauka. Masoyan Gwani, waɗanda suke taruwa a bayan shagon Tela suna maimaita tallar fim ɗin a waya, suka shiga zullumi. Dama sun lura Gwani ya daina sa malafar kabar da aka san shi da ita, har Mai Kemis ya yi musu dogon bayani cewa alama ce ta sabon babi a fasaharsa. Yanzu ga jaruma ta tafi. Aka ce Gwani ya gwada wata mai kama da ita, amma ta ƙi kallon taga, sai kallon mai kyamara.

Suka yi tawaga zuwa gidan Hedimasta. Ya bar su a tsaye har sai da Tela ya cire hannu daga aljihu.

"Ranka ya daɗe," in ji Tela, "mu fa rayuwarmu ta tsaya. Wannan kallon da ta yi a talla, ni na ɗinka wa mutum aljihu a baya saboda tunaninsa."

"Wannan tsakaninka da mai rigar ne."

"Baba, ita fa ba ta ma san an yi maganar ba," in ji Mai Kemis.

"Ni na sani. Kuma tun kana aji uku na gaya maka ka daina sa baki kafin a kira ka."

Suka roƙi ko ganinta su yi. Ya ce tana hutawa a bayan gida, kuma ba abin kallo ba ce sai an gyara magana.

Matarsa ta ce ya sassauta, tunda har maƙwabta sun fara yi musu wani gani-gani. Ya ce ya taɓa hana ɗan mai makaranta shiga jarrabawa saboda rashin gaisuwa, ba a kan darakta zai fara lanƙwasa ba.

Ranar Asabar sai ga Gwani da kansa, kai ba hula, rana ta gasa masa sanƙo. Masoya suka cika bakin ƙofa suna leƙe. Ya zauna a gefen kujera kamar ɗalibin da aka aiko ofis.

"Malam, ɓacin rai ne ya sa. Ka san abin da ta yi min. A yi haƙuri."

Hedimasta ya gyara tabarau ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce haƙurin falo ba ya wanke zagin rediyo, kuma ba shi aka zaga ba tukuna. Sharaɗinsa ɗaya ne, in ba haka ba fim ɗin ya ƙare a rufaffiyar ƙofa yadda Gwani ya saba.

Gwani zai koma gidan rediyon nan, a shirin nan, ya janye maganar kasuwa da ta tarbiyya, ya ba Auta haƙuri da sunanta. Sannan ya shaida wa duniya cewa shi da hannunsa ya ajiye malafarsa a ƙasa, kuma babu akuyar da za ta ga kaba a gabanta ta kau da kai, komai kyan gidan da ta fito.