Gadar da Yahaya Ya Haɗa

Ku dai ba ku gajiya da tambaya. Me ya hana uwarku tafiya aiki ƙasar waje? Wa ya aike ku? To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Lokacin Samira tana takabar ubanku Yahaya, a gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi, saura mata wata guda ta fita. Tun yana raye ta nemi aikin jinya a wani asibiti can waje, har da takardun tafiya da ku biyun. Abu ɗaya ya rage, jarrabawar awa uku a kwamfuta, kyamara a kunne, ranar Laraba da hantsi. In jarrabawar ta wuce ta, shi ke nan.

Mai takaba ba ta taka ƙofar gida, haka dangi suka yanke. Sabis ɗin wayar hannu kuwa kun san shi a nan, sai an manne da taga. Intanet ɗin gida kaɗai ta dogara da shi.

Rauta biyu Yahaya ya bari, na'urorin nan masu raba intanet a gida. Babbar tana ɗakina a kan kabad, ƙaramar a ɗakinta, ya haɗa su da dogon kebul, yana kiran abin gada. Shi ne mai taɓa su, kuma ba ya gajiya da ja wa mutanen gida kunne a kansu.

Ranar Litinin gadar ta mutu.

Samira ta buɗe shafin saitin rautarta, ya tsaya cak. Ta kashe ta kunna. Fitilun suka hau ƙyaftawa gaba ɗaya, da sauri. Ta kira Matthias, abokin aikin Yahaya da ke Tarauni. Namiji ba ya shiga wurin mai takaba, sai ya tsaya a zaure yana ba ta umarni ta waya. Ya sa ta hana ƙaramar rautar raba wa na'urori adireshi. Ya sa ta duba ramukan cusa kebul da ke cikin gadar ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ta goge komai ta sake ginawa. Kwana biyu suna wannan, abincinta yana hucewa a kwano.

Laraba da safe ya ce, “Madam, wannan ya yi kama da zagaye. Ko akwai kebul ɗin da bakinsa biyu suke cikin rauta ɗaya? Saƙo zai ta juyawa ne har ya shaƙe komai.”

Ta duba tata, babu. Ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa, don suruka ba ta faɗa wa ɗakin uwar miji haka kawai. “Inna, don Allah a duba mini ta kan kabad.” Aka duba, aka ce mata komai yana yadda mai shi ya bari.

Ƙarfe goma ta yi. Ta zauna gaban kwamfuta da hijabinta, tana kallon 'yar da'irar nan ta jiran intanet tana juyawa, har sha biyu, har aka kira azahar. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe kwamfutar ta yi alwala.

Da la'asar intanet ya dawo da kansa.

To kun ji. Ku tashi ku kwanta. Kuma kada wanda ya je ya gaya mata cewa wannan kebul ɗin da Yahaya ya ce kada a kuskura a cusa bakinsa biyu wuri ɗaya, ni na cusa shi da hannuna, don na binne ɗa ɗaya, ba zan raka jikoki biyu filin jirgi ba.